Ranar da Na Raka Baba Tela Kallon Kiɗan Jaz-Fank

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinku kuna zaune a zauren taro ranar da aka rufe bikin makon Hausa na sashenmu a shekarar 2024, saboda haka babu amfanin in ɓoye abin da idanunku suka gani. Ni aka ɗora wa nauyin yin jawabin maraba. Na kwashe kwana 9 ina haddace shafi ɗaya da rabi. Da ranar ta zo na hau dandamali, na gai da Sarkin Hausawan da muka gayyato tare da 'yan rakiyarsa, na gai da malamanmu, na kai jimla ta huɗu lafiya lau. A nan ne kalma guda ta kuɓuce mini, wato "albarkacin". Da ta tafi, sai duk kalmomin da ke bayanta suka watse kamar an tsinke zaren carbi. Na tsaya ina kallon jama'a, jama'a suna kallona. Daga ƙarshe na ajiye makirfo a kan tebur na fita ta ƙofar gefe. Wata 'yar ajinmu ce ta tashi ta rufa mini asiri, ta ƙarasa jawabin.

Ni Bayarabe ne, haifaffen Agege a Legas, kuma ba da Hausa na buɗe baki ba. Gaisuwa da ƙirgen kuɗi a bakin maƙwabta na tsince su, sauran kuwa sai da na shigo jami'a. A kan takarda ba ni da matsala, ku tambayi duk wanda muka zauna jarrabawar nahawu tare. Matsalata baki ce. Ina tsoron "ƙ" kada ta fito "k", in ce na kare alhali na ƙare nake nufi. Ina tsoron jinsi, domin a Yarbanci wakilin suna ɗaya ne ke ɗaukar mace da namiji, shi ya sa "Malama ya ce" kan suɓuce mini. Dabarar da na ƙirƙiro ita ce kada in furta jimla sai na gina ta tsaf a kaina, na duba ta ciki da waje. Ranar taron nan dabarar ta ci amanata. Daga nan na kulle bakina. Kusan wata biyu ban yi wa kowa Hausa ba, har na je na karɓo takardar neman canjin sashe, na ninke ta na saka cikin littafi, ina jiran hutu ya ƙare in cike.

Wanda ya fara lura da shirun nan shi ne Baba Tela. Shagonsa na jikin rumfar da mahaifiyata ke sayar da atamfa, kuma tun ina yaro nake zama a bencinsa ina tsince masa ƙyalle. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya zo Legas yana saurayi a farkon shekarun 1970, yanzu ya haura shekara 70. Yana jin Yarbanci fiye da wasu Yarbawan, amma tun ranar da ya ji cewa Hausa nake karantawa a jami'a ya ce ba zai ƙara yi mini wani yare ba. Da na dawo hutu, yana yi mini Hausa ina mayar masa da Yarbanci. Ya yi kwana uku bai tanka ba. A rana ta huɗu, ba tare da ya ɗago kai daga keken ɗinki ba, ya ce, "Ɗan boko, Hausar taka sace ta aka yi, ko jingina ka bayar?" Na yi dariyar yaƙe, na ba shi labari sama-sama. Ya ce, "To," ya ci gaba da taka kekensa.

A daidai wannan lokaci yayana da abokansa suna shirin wani wasa. Shi yayan nawa a coci ya koyi kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya 4 masu kauri wadda muryarta ke fitowa ƙasa-ƙasa. Su 8 ne suka haɗa ƙungiya, kowa da aikinsa na neman abinci da rana, da dare kuma su haɗu su yi gwaji. Irin kiɗan da suke yi shi ake kira jaz-fank. Sun sami damar yin wasa a wani lambu a tsibirin Legas ranar wata Lahadi da yamma, sai suka kawo wa Baba yadin adire ya ɗinka musu kaya iri ɗaya. Da suka zo karɓa suka ajiye masa katin gayyata 2, don girmamawa kawai, babu wanda ya zaci zai je. Ai kuwa Baba ya ce zai je, domin bai taɓa ganin ɗinkinsa a ƙarƙashin fitilun dandamali ba. Ya ce ni zan raka shi, ni zan yi masa tafinta, kuma da sharaɗin Hausa zalla daga Agege har mu dawo. Ba ka iya cewa a'a ga mutumin da ya ɗinka maka kayan makaranta tun daga firamare.

Mun hau danfo zuwa Oshodi, daga nan muka sake wata zuwa Obalende. A kan doguwar gadar nan mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990, Baba ya ce in bayyana masa wane irin kiɗa ne za mu je ji. Da yake na san tambayar za ta zo, na riga na yi mata tanadi. Bari in maimaita muku abin da na gaya masa, don amfanin wanda bai sani ba.

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka haifar a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Babbar alamarsa ita ce ƙirƙira nan take. Makaɗa kan yarda da raujin da za su fara da shi, sannan kowa ya samu fili ya saƙa nasa a kai, ba tare da an rubuta masa ba. Fank kuwa ya bayyana ne a tsakiyar shekarun 1960, kuma James Brown ne ya fi kowa tasiri wajen kafa shi. Shi fank kiɗan rawa ne. Ganga da jitar bes ke riƙe da ragamarsa, ana maimaita ɗan gutsuren kiɗa ɗaya ba gajiya, ana ƙirga bugu huɗu-huɗu, nauyin kuma yana sauka a kan bugun farko. To, a ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970 sai wasu makaɗan jaz suka ɗauki wannan kiɗan rawa suka ɗora ƙirƙirarsu a kai, suka shigo da kayan kiɗa masu aiki da lantarki. Abin da aka haifa shi ne jaz-fank. Faifan da aka fi kafa misali da shi shi ne Head Hunters na Herbie Hancock, wanda ya fito a 1973. Kiɗan farko a cikinsa, mai suna Chameleon, wato hawainiya, ya haura minti 15, kuma babu mawaƙi a ciki.

Na ƙara da cewa abin bai tsaya a Amurka ba. James Brown ya zo Legas a watan Disamba na 1970, wasu makaɗansa kuma suka je suka saurari Fela a gidan wasansa. Shi marigayi Fela ya tafi Landan karatun kiɗa a 1958, ya dawo yana haɗa jaz da hailaif, daga baya shi da mai gangarsa Tony Allen suka gina salon da duniya ta sani da afrobit, wanda jaz da fank suna cikin ginshiƙansa. A 1979 kuma Roy Ayers, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jaz-fank na Amurka, ya zagaya Nijeriya yana wasa tare da Fela, har suka fitar da faifan haɗin gwiwa a 1980.

Ina wannan bayani ina jin daɗin kaina, domin duk jimlolin a shirye suke tun daga gida. Baba ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Fela ai maƙwabcinmu ne." Ashe lokacin da yake koyon ɗinki, shagon ubangidansa a Mushin yake, ba nisa da Idi-Oro inda gidan Fela yake a kan titin Agege. Ya ce bai taɓa shiga wurin wasan ba saboda tsoron ubangidansa, amma da dare in sun shimfiɗa tabarma a bakin shago, kiɗan kan zo ya same su har inda suke kwance. Ya ce yana unguwar ranar da sojoji suka ƙona gidan a watan Fabrairu na 1977, sun rufe shago sun gudu. Sai kunya ta kama ni. Na kwaso tarihi daga littafi da intanet ina karanta wa mutumin da hayaƙin gobarar ya shiga idonsa. Wanda ya riga ka barci dai dole ya riga ka tashi.

Mun isa wajen ƙarfe 5. Lambu ne mai itatuwa, an jera kujerun roba kamar 200, an kafa dandamali da manyan lasifikoki gefe da gefe. A bakin ƙofa akwai mai tsire da mai shayi, dukkansu Hausawa, suka tashi suka gai da Baba, suna mamakin abin da ya kawo dattijo da babbar riga cikin matasa masu yagaggun wanduna. Muka samu wuri a layi na uku. Makaɗa suka fito cikin shuɗin adire: mai jerin ganguna, mai konga, mai gangan, wato ɗan'uwan kalangu na Yarbawa, yayana da jitarsa, wani da ƙaramar jita, wata budurwa a gaban kibod, sai masu busa biyu, ɗaya da saksafon ɗaya da turampet. Abin da Baba ya fara cewa shi ne, "Wandon mai ƙahon can ya yi tsawo. Na ce ya tsaya in sake awo, ya ce sauri yake."

Babu sallama, babu jawabi. Mai ganga ya haɗa sandunansa sau huɗu, yayana ya shigo da wani ɗan gajeren kiɗa, bai fi sauti 6 ba, ya kai ƙarshe ya komo farko. A ƙirji na fara jin sa kafin kunne, kujerar robar ma tana karkarwa. Ganga ta hau kai, konga ta cike gurbin da ganga ta bari, ƙaramar jita tana tsattsagawa kamar ana yanka kuɓewa. Kowa abu kaɗan yake yi, kuma kowa yana bar wa ɗan'uwansa wuri. Sai masu busa suka faɗo tare, suka yi wani ɗan gajeren kira sau biyu, suka ja baya. Kafin minti 5 'yan layin baya duk sun miƙe tsaye. Na saci kallon Baba, na ga fuskarsa a murtuke, amma babban yatsan ƙafarsa yana motsi a kan takalmi.

Bayan kamar minti 10 ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Yaushe za a fara waƙar?" Na ce, "Baba, ai an fara." Ya ce, "An fara kiɗa dai. Ina mawaƙin?" Na ce babu. Ya dube ni kamar na ce masa ana biki ba amarya. A nan aikin tafinta ya fara yi mini nauyi, domin wannan tambaya ba ta cikin waɗanda na yi wa tanadi. Mu da muka yi darasin waƙar baka mun san Bahaushe ya raba kiɗa da waƙa, kowanne da sunansa, amma a fagen wasa da wuya ka ga ɗaya ba ɗaya. Mahaifin Baba ma makaɗin kalangu ne na mahauta, kuma a wurin Baba ko ganga ce ta yi ƙara ita kaɗai, to magana take yi. Ko dai taken wani ne ko kirarin wani, wanda masu kunne za su iya mayarwa kalmomi, tunda kalangu yana bin hawa da saukar murya irin na harshe. Saboda haka da mai saksafon ya matso gaba ya fara busa shi kaɗai, tambayar Baba ita ce, "Me yake cewa? Wa yake wasawa?" Na yi ta laluben amsa, can na ce, "Ba ya wasa kowa, Baba. Abin da ke ransa yake faɗa, amma ba da kalmomi ba. Yanzu-yanzu yake ƙirƙirarsa." Sai da na rufe baki na lura cewa jimloli uku sun fita ban duba su ba.

Baba ya yi shiru yana saurare. Can ya ce, "To, in haka ne na gane. Shata ma ai haka yake, a tsaye yake yin waƙa, ya ga mutum ya ɗora masa nan take, 'yan amshi da masu kalangu suna riƙe masa gindin waƙar." Sannan ya nuna yayana da haɓa. "Ka ga ɗan'uwanka? Tun da aka fara abu ɗaya yake yi, bai gaji ba, bai ƙara ba. Shi ne turke. Wancan mai algaitar Turawa kuwa akuya ce. Ta yi gabas, ta yi yamma, ta ci ciyawa inda take so, amma igiyarta na ɗaure a jikin ɗan'uwanka. In ya saki, ta shiga gonar mutane." Na yi dariya har na kusa faɗowa daga kujera. A aji mun san turke a matsayin kalmar nazari, wato babban saƙon da waƙa ta ɗauru a kai, kamar yadda muka karanta a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Na haddace ma'anar har na ci maki da ita, amma ban taɓa ganin turken da akuyarsa ba sai a ranar.

Da Magariba ta yi makaɗa suka ɗan dakata, na raka Baba wani masallaci a bayan layi na jira shi a waje. A kashi na biyu ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Sun ɗauko wani kiɗa mai sauri, aka ba mai turampet fili, wato mai dogon wandon nan. Sa'ana ne, kuma daga baya yayana ya gaya mini wannan ne karonsa na farko a gaban jama'a masu yawa haka. Ya fara da kyau, ya yi ta hawa sama, sai ya nemi wani sauti can ƙololuwa, ƙahon ya ƙi, ya fitar da wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sake nema, ya sake ƙi. Daga nan ya rikice, ƙirgen ya ɓace masa, ya sauke ƙahon daga bakinsa. Na san wannan tsayuwar. Na san yadda gwiwa ke saki, da yadda fitila ke ƙara zafi. Cikina ya ɗuri ruwa kamar ni ne a wurin, na zuba ido in ga ta wace ƙofa zai fita.

Bai fita ba. Ya tsaya inda yake, ya rufe ido, yana gyaɗa kai yana bin ganga. Sauran makaɗan ko gezau ba su yi ba. Yayana ya ci gaba da 'yan sautukansa, mai ganga ya ɗan ƙara nauyin bugun farko don yaron ya ji inda zai shigo, mai gangan ya cike wurin da 'yar maganarsa. Kiɗa ya zagayo sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A zagaye na huɗu, daidai kan bugun farko, yaron ya ɗaga ƙaho ya shigo da sauti ɗaya tak, mai sauƙi, a ƙasa. Ya maimaita shi. Ya ƙara masa na biyu. A hankali ya sake gina abinsa, bai ƙara neman wancan na ƙololuwa ba, kuma da ya gama, tafin da aka yi masa ya fi na kowa a daren.

Baba bai tafa ba. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ya ce, "Ya ɓata ko bai ɓata ba?" Na ce ya ɓata. Ya ce, "Kowa ya ji ya ɓata. Amma da ya ɓata, kunne ya buɗe, bai nemi ƙofa ba. Kai da kalmarka ta gudu, wa ka saurara? Mutum nawa ne a ɗakin da za su miƙo maka ita? Ka ɗauko jawabi tun daga gida ka ɗora a ka kamar tulu, da ka yi tuntuɓe sai duka ya fashe. Da turke ka kafa, ka ce abin da na zo faɗa shi ne sannunku da zuwa, mun gode, ai ko ta ina ka zagaya za ka komo." Ashe labarin da na ba shi sama-sama a shago, wanda ya amsa da "to", yana nan a ransa. Ban ce komai ba, domin maƙogwarona ya toshe.

Na zaci darasi ya ƙare a nan, ashe da sauran rina a kaba. Kafin kiɗan ƙarshe, budurwar nan mai kibod, wadda ita ce shugabar ƙungiyar, ta ɗauki makirfo tana gabatar da makaɗa ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta ce akwai mutum na tara, wanda ya ɗinka kayan da ke jikinsu, ta roƙi Baba ya hau dandamali. Baba ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya kama hannuna gam. Na ce, "Baba, ai kana jin abin da take faɗa." Ya ce, "Yau ba na ji. Sharaɗi sharaɗi ne." Haka na tsinci kaina a kan dandamali karo na biyu, makirfo a hannu, fitila a ido, babu ko jimla ɗaya a aljihu.

Ta yi tambaya da Turanci, ko Baba ya ji daɗin wasan. Makaɗa suna kaɗawa a hankali a bayanmu, ina jin jitar yayana a tafin ƙafata. Na jira ta zagayo, na buɗe baki na ce, "Baba, ya ce wai ko ka ji daɗin wasan?" Daga bakin ƙofa na ji mai tsire ya ƙyalƙyale da dariya. Baba ko a jikinsa. Ya karɓi makirfo ya ce, "Ta ce ko na ji daɗi? Gaya mata na ji." Ya ɗan danna "ta" ɗin, yadda ɗan amshi kan miƙa wa jagora kalmar da ta suɓuce masa. Na ɗauka na ci gaba: "Ta ce kuma wace shawara za ka ba matasa?" Ya ce su riƙa tsayawa a yi musu awo. Na fassara, wurin ya kaure da dariya, har da mai turampet. Muka yi tambaya huɗu ko biyar, ina juya Turanci zuwa Hausa, Hausa zuwa Turanci. Na yi kuskure aƙalla sau uku da na sani. A wani wuri kalmar "gwaninta" ta ɓace mini, na ce "iyawa", aka wuce. Da za mu fita mai tsire ya naɗe mana tsire a takarda ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce, "Na Bayaraben da ke jin Hausa ne, amma a riƙa bambanta mace da namiji."

A hanyar komawa na tambayi Baba hukuncinsa. Ya ce, "Kiɗa ya yi kiɗa, yaran sun san hannunsu. Amma a ce an tara jama'a haka an sallame su ba a wasa kowa ba, ba a yi wa kowa gargaɗi ba? Tuwo ne mai kyau, ba miya." Na ce ai Fela ma yakan bari a yi minti 10 ana kiɗa kafin ya buɗe baki. Ya ce, "Amma yana buɗewa, kuma in ya buɗe har barikin soja sai an ji." Na ce akwai abin da ke cikin zuciya wanda kalma ba ta iya ɗauka, shi ya sa ake busa shi. Ya ce wannan zancen 'yan boko ne, duk abin da ke zuciya Hausa tana da sunansa, sai dai in mutum bai iya ba. Muka yi ta ja-in-ja har Agege, bai sauko ba, ban sauko ba. Sai da na kwanta na tuna cewa na yi fiye da awa ɗaya ina gardama da dattijon Bakatsine da harshensa, ban tsaya gina jimla ko ɗaya ba.

Har yanzu ina tunanin gardamar nan, kuma ina ganin akwai aiki a cikinta ga mai neman batun kundin digiri. Alal misali, a kwatanta gindin waƙa da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, da ɗan kiɗan bes da ake komawa gare shi bayan kowace ƙirƙira. Akwai kuma batun sunayen waɗannan kayan kiɗa da Hausa. Baba ya ce "algaitar Turawa" ba tare da dogon tunani ba, kuma duk Bahaushen da ya ji zai gane, mu kuwa da mun kwana muna buɗe ƙamus.

Ga 'yan'uwana waɗanda, kamar ni, ba a cikin Hausa aka haife su ba, kada wani ya ɗauka ina cewa a yi watsi da nahawu. Yaron nan mai ƙaho ba don ya daɗe yana gwaji a ɗaki ba, da bai san inda zai komo ba. Sai dai gwajin ɗaki ba ya koya wa mutum abin da zai yi in ya ɓata a gaban jama'a. Hausawa suna kusa da mu, a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan da sauran zangonni. Ku je ku zauna a bencin mai shayi, ku yi kuskure a yi muku dariya, a gyara muku kyauta.

Ni dai da aka koma makaranta na shiga jarrabawar baka na fito da C, ba yabo ba fallasa. Har gobe "ƙ" takan ƙi ni in na gaji. Takardar canjin sashe tana nan cikin littafin ban cike ta ba, da ita nake gane shafin da na tsaya. Na kuma roƙi shugabannin ƙungiyarmu su sake ba ni jawabin maraba in bikin ya zagayo, wannan karon ba tare da hadda ba. Mai turampet kuwa, mako guda bayan wasan ya kawo wandonsa aka rage masa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, mu kuma ya buɗe mana baki, amin.